Inda Saiwa Ta Kai

Na ɗaga gatari ke nan zan sauke shi a kan saiwar, sai ga ƙafar mutum ta sauko cikin ramin ta taka daidai inda nake nufi. Ƙafa ce kumburarriya, duk faso, ba takalmi. Da ƙyar na karkatar da hannu, gatarin ya ci ƙasa a gefe.

"Sara mana," in ji mai ƙafar. "Mi kaka jira? Sara, ka haɗa da ita."

Baba Magagi ne, maƙwabcinmu, tsohon mai haƙar rijiya. Kwana goma ke nan ba a gan shi waje ba, tari ya kwantar da shi. Ya zuro ɗaya ƙafar, ya dafa bakin ramin, ya sulalo a hankali har ya zauna a kan saiwar, ƙafa nan ƙafa can, kamar wanda ya hau jaki.

Na ce, "Baba, don Allah tashi, kada ka ja mini magana."

"Magana kam ka ja ta tun jiya, ɗan Sule. Ina kwance ka sare mini guda, matata Laraba ta ɓoye mini. Yau ina jin ƙarar gatari na ce, wagga ba ta hwaskare ba ta."

Bai yi ƙarya ba. Jiya na sare guda, mai kaurin damtsena. Guntunta na nan yashe a kan tarin ƙasa, bakin saran ya yi rawaya.

Ramin da nake haƙa na harsashin ginin yayana ne, Lawali. A bazarar nan ce da sojoji suka karɓi mulki. Damina ta riga ta ƙi mu, hatsi bai yi ba daga Filinge har Abala, kowa na cewa wane mai hankali ne zai ta da gini a irin wannan shekara. To amma Lawali yana da nasa dalili. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Kumasi, ya gina ɗaki biyu a can, rana ɗaya aka ce baƙi su fita. Da tabarma da buta ya iso gida. Ya koma Abijan ya sake shan wahala, ya dawo da rantsuwa a bakinsa: sai ya yi gidan siminti a filin ubanmu, wanda ruwa ba ya narkarwa, mutum kuma ba ya korar mai shi. Ya kawo siminti, ya ɗauko magini daga Yamai, wani Musa, mai yawo da igiya da turaku. Ni haƙa ce tawa.

Iccen kuwa aduwa ce. Tana tsakar gidan Baba Magagi, taki huɗu daga darnin da ke tsakaninmu, wanda muka cire saboda gini. Ta girmi mai ita. A shekarar nan ita kaɗai ce kore a unguwarmu. Tun lokacin sanyi mata ke zuwa tsintar 'ya'yanta, yara su tsotse, a fasa ƙwallon a ci abin ciki. Da 'ya'ya suka ƙare aka koma ganye, a dafa a zubar da ruwan ɗaci sau biyu, a haɗa da 'yar jar dawar taimako. Tukunyar innarmu ma ta san ɗanɗanonsa.

Lawali ya ji shiru babu ƙarar gatari, ya zagayo, Musa na biye da shi.

"Baba, lahiya?"

"Lahiya ka sa tsoho cikin rami?"

Lawali ya dubi saiwar, ya dube ni, ya gane. Ya durƙusa a bakin ramin, don dai shi ba mai raina manya ba ne.

"Baba, ni ban taɓa iccenka ba. Ga shi can tsaye. Nan ƙasar ubana ta, kai ma shaida na. Ko gardin daji, mai tsaron itace na gwamnati, ya zo ba shi da ta cewa."

"Gardin daji bisa shika kallo, don bisa anka koya mai. Ni shekara arba'in ina ƙarƙashin ƙasa, Lawali. Icce nan shika ci, nan shika sha. Ka yanke wa mutum maƙoshi, ka ce ba ka taɓa mai hula ba?" Ya tsaya ya yi tari mai tsawo, ya tofar gefe. "Ƙasar ubanka ta, ban musa ba. Kwashe ta dut, kai ta inda kaka so. Saiwa tawa ta."

Musa ya yi dariya. "Tsoho, igiya ba ta san saiwa ba. Bango miƙe yake tafiya."

"Wa ya ce ka tanƙwara bangonka? A bi ta ƙarƙashi. A haƙe ta da hannu, a tsai da dutse nan, a tsai da dutse nan, a ɗora na ukku bisa, ka zuba kankarenka shi haye ta. Haka munka saba yi wa saiwa cikin rijiya tun ba a murɗa igiyarka ba."

Musa ya daina dariya. Ya bi igiyar da ido daga turke zuwa turke, ya shiga ramin yana tono da yatsan ƙafa. Saiwa uku suka rage a kan hanyar bangon: wadda Baba ke zaune a kai, wata a gaba kaɗan, da wata babba can a kusurwa, wadda bayanta kawai ya leƙo.

"Biyun nan, ya yiwu," in ji shi. "Ta kusurwa kam a'a. Kusurwa ce ke ɗaukar nauyin gida."

"In mun kai ta mu gani."

Musa ya ce shi dai ranar Alhamis zai zuba kankare, aiki na jiransa a Baleyara. Ranar kuwa Asabar ce. Lawali ya daɗe yana murza ƙasa a tafin hannu, kana ya ce, kansa a sunkuye, "Har Alhamis, Baba. Abin da ya rage ran Alhamis, gatari na."

Sai ga Inna Laraba, matar Baba Magagi, ta ɓullo da ludayi a hannu. 'Yar tsohuwa ce busasshiya, amma muryarta ta isa kasuwa.

"Kai tsoho, hito daga ramin mutane! Ka matsu da kabari na?"

"In kin gaji da ni ki hwaɗa, ba sai kin yi shela ba."

"Na gaji tun bara waccan. Icce ka yi ma sallah in ka mutu? Icce ka kai ka makwanci?"

"Shi dai bai taɓa yi mini tsiwa ba."

Ta yi tsaki ta juya. Can sai ga ta ta dawo da tsohuwar malafa, ta kifa masa a ka ba tare da ta dube shi ba.

Haka muka fara, ni da shi. Nesa da saiwa a sa dagi. In an zo kusa da ita kamar tafin hannu, sai a ajiye ƙarfe a ɗauki sakaina, daga sakaina sai yatsu. Na ɗauka babbar saiwar ce abin tsoro, ashe 'yan siraran nan ne masu kama da gashi. Na fizge wani tsiro nasu ba da nufi ba, sai na ji sakaina a bayan hannuna.

"Hannu ko kohwaton jaki? Waɗanga su ka shan ruwa. Babbar hanya ta kawai."

Aiki ne na jinkiri. Abin da zan haƙa da diga kafin a sha fura, sai mu wuni a kansa. Shi hannunsa na rawa in ya ɗauki ƙwarya, amma da ya shiga ƙasa sai rawar ta tsaya. Yana haƙa yana ba ni labarin rijiyoyinsa kamar mai lissafa 'ya'ya: ta Tabla mai gaba goma sha tara, ta wani ƙauye da dutse ya hana shi har wata uku, ta unguwarmu wadda aka ɗebi ruwan wankan Lawali ranar da aka haife shi. In numfashi ya tsaya masa sai ya jingina da bangon ramin ya rufe ido, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Da saiwar ta fito fili, tana rataye a iska kamar hannun mai barci, sai ya ce kada rana ta gan ta, kada kuma ta bushe. Maganar rana mai sauƙi ce, muka rufa mata tsohuwar tabarma. Ruwa ne magana. A lokacin nan mata tun asuba suke layi a rijiya, guga ya fito da rabin laka. Wa zai ba icce?

Da azahar ya sa na ɗauko masa butarsa. Ya gyara zama a bakin ramin, ya ɗaga tabarmar, ya yi alwalarsa a kan saiwar. Ruwan hannu, na baki, na fuska, na ƙafa, babu ɗigon da ya faɗi gefe.

"Ruwan da za shi ƙasa dama," in ji shi. "To shi tahi inda aka biɗarsa."

Ni ma na ɗauko tawa. Ranar Lahadi masu wucewa masallaci suka tsaya suna dariya, wani ya ce Magagi ya musuluntar da aduwa. Ranar Litinin da la'asar wanda ya faɗi haka yana cikin masu tsugune a bakin ramin da buta. Ba wanda aka kira. Kowa dai ya san abin da ke cikin tukunyar gidansa. Lawali kaɗai ke tafiya can ƙarshen fili ya juya mana baya ya yi tasa.

Dutse kuma sai da aka yi rigima a kansa. Na tsaye biyu na samo a bayan gari. Na ɗorawa ne ya yi wuya, don sai mai faɗi, mai kauri, wanda ba zai tsage ba. Baba ya leƙa ya ga Inna Laraba ta tafi rijiya, ya ce in shiga madafa in ɗauko dutsen niƙanta. Na ce ina jin tsoro. Ya ce shi ma yana ji, in yi sauri.

Mun ɗora shi ke nan, mun cika gefen saiwar da yashi, mun bar mata sarari kamar yatsa huɗu don ta yi ƙiba, sai ga ta da tulu a ka.

"Dutsena! Dutsen da uwata ta kawo ni da shi!"

"Mi kika niƙawa bisa shi bana? Iska?"

"Ko iska ta, tawa ta! Kai kuma Tahiru, mai kunyar ƙarya, da kai anka haɗa baki?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Ta sauke tulun, ta tsaya a bakin ramin tana huci, ta dubi dutsen yadda ya zauna. Ta ce, "Ya karkata hagu, makahi." Gaskiyarta kuwa. Muka gyara.

Musa ya zo ya hau kansa da ƙafa biyu, ya yi tsalle sau uku. Daga ranar ya daina cewa tsoho, ya koma cewa Baba. Amma hakan bai hana Baba faɗa da yaran Musa ba. Masu buga masa bulo sun ga inuwa, suka fara jera bulo a gindin aduwar, suna wanke kwanon kwaɓa suna watsa ruwan a nan. Baba ya gani daga cikin rami. Ban san inda ya samo ƙarfin ba, ya fito da rarrafe, ya dinga kwashe ƙasar da ta yi toka-toka da hannu biyu yana watsawa waje, har fatar yatsunsa ta yi fari ta tsage.

"Ruwan siminti wuta na! Ku zuba shi cikin hurarku in kuna son shi! Ku kwashe tubalinku, kun danne mata numhwashi!"

Suka kwashe. Ya sa na jawo ƙaya na kewaye iccen, ba daidai inuwarsa ba, har gaba da ita taki uku. Ya ce abin da ke ƙasa ya fi abin da ke bisa faɗi.

Ranar Talata muka gama ta biyu. Ita murfin wata tsohuwar rijiyarsa muka ɗora mata.

Ranar Laraba muka buɗe ta kusurwa. Tun hantsi muke binta, tana ƙara girma. Kaurinta ya kai cinyar ƙato, kuma ba ƙetare ramin ta yi ba, kwanciya ta yi a cikinsa a karkace, daidai ƙarƙashin turken Musa. Babu inda za a tsai da dutse. Baba ya shafa ta daga nan zuwa can, ya auna da kamu, ya sake aunawa. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Kira mini wanka."

Lawali ya zo.

"Wagga ita ta uwar, Lawali. In ta tahi, icce ya tahi. Ba bana ba, baɗi ko baɗi waccan, sai ku ga ya bushe tsaye, ku ce Allah ya kashe shi. Dutse ba shi hayinta, Musa ya yi gaskiya. Matsa turkenka ciki, kamu biyu."

"Baba, kwanon rufi an auna shi. Ƙohwa an auna ta. In yi shekara goma sha biyar ina wahala, in gina ɗaki mai karkataccen baki, garin ga dut a yi mini dariya?"

"Dariya ba ta kashe kowa."

"Na ba ka biyu. Wagga ba ni iyawa. Gobe Alhamis."

Baba ya buɗe baki zai amsa, tari ya riga shi. Wannan karon bai tsaya ba. Ya dafe saiwar, ya sunkuya, na ga abin da ya tofar ba fari ba ne. Lawali ya diro cikin ramin, muka ɗago shi tare. Ni na goya shi zuwa ɗaki. Mutumin da aka ce da ƙuruciyarsa shi kaɗai ke fito da jaki daga rijiya, wallahi bai fi damin kara nauyi ba.

Da safe bayan na jiƙa saiwar na shiga duba shi. Ɗakin na warin hayaƙin sassaƙe. Yana kwance a gadon kara, an tokare masa baya da buhun tsumma, ƙafafun sun ƙara kumbura har sun yi sheƙi. Dagin nasa na jingine a bayan ƙofa. Inna Laraba na zaune a ƙasa tana ɗiga masa ruwan kunu da ludayi, yana kau da kai.

"Ɗan Sule. An jiƙa ta?"

"An jiƙa, Baba."

"An ruhe?"

"An rufe."

"Musa ya kwaɓa?"

"Bai kwaɓa ba tukuna."

Ya lumshe ido. Can ya buɗe, ya nemi matarsa da su.

"Laraba. Dutsenki. Ki yahe."

"Ban yahe ba. Tashi ka ɗauko mini abina."

Ya yi wata 'yar dariya wadda babu sauti a ciki. Ya ɗaga yatsa, na matsa kusa na ɗauka wata magana ce a kan aikin, ashe kalmar shahada yake yi. Na kama masa. Ya faɗe ta sau biyu, ta uku leɓɓansa kawai suka motsa. Rana ta shigo ta ƙofa ta kai gefen gadon. A waje wata mata na sallama, tana tambaya ko a shigo a ɗebi ganye.

Inna Laraba ta ajiye ludayin cikin ƙwarya a hankali. Ta ja mayafi ta rufe masa ƙafafun nan.

"Tahiru, tahi ka hwaɗa wa liman. Ka ce wa waccan ta shigo ta ɗiba."

Kafin azahar muka kai shi. Lawali ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Da muka dawo ya ce wa Musa a dakata har a yi sadakar uku. Musa ya ce zai jira, amma ranar Lahadi da safe ko dai ya zuba kankare ko ya hau motar Baleyara. Kwana ukun nan masu zuwa gaisuwa, in lokacin sallah ya yi, bakin ramin suke zuwa da butocinsu.

Ranar Lahadi, gari na wayewa, Lawali ya miƙo mini gatari.

Ni ban taɓa yi masa musu ba tunda aka haife ni. Na dubi gatarin, na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Hannuna ba zai iya ba."

Bai yi faɗa ba. Ya saɓa shi a kafaɗa ya wuce, ina biye, Musa na biye da ni. Muna zagayowa muka tsaya.

An kafa zana a kusurwar. Zana huɗu, an kewaye turken Musa da ramin da saiwar gaba ɗaya, an haɗe su da jikin ɗakin Baba Magagi, ya zama daga ɗakin sai ka fito cikin kewayen. Matan unguwa ne suka kafa bayan sallar asuba, ga su can tsaye nesa kaɗan, kowace ta sami abin kallo a ƙasa. A bakin zanar takalma biyu. Ɗaya na Inna Laraba. Ɗayan na san shi kamar tafin hannuna, na innarmu ne, Hajara.

Lawali ya yi sallama. Ba a amsa masa kai tsaye ba. Mai takaba ba ta hira da maza, innarmu kuma tunda ta haifi Lawali ba ta taɓa kiran sunansa ko ta dube shi ta yi masa magana ba, ɗan fari ne. Sai muka ji muryar Inna Laraba daga ciki, ta rage ta, amma ko na bakin hanya ya ji.

"Hajara, hwaɗa wa ɗanki, an ce mai takaba ta zamna gidan mijinta. To na zamna. Inda saiwa ta kai, nan gidan mijina ya kai."

Innarmu ta ce, "Tahiru, kana nan? Gaya wa wancan abin da anka ce."

Taki uku ne tsakaninsu duka. Amma haka na juya na dubi yayana na maimaita masa, kalma bayan kalma.

Lawali ya sauke gatarin daga kafaɗa. "Har yaushe?"

Na mayar da tambayar ciki. Ta bi ta kan innarmu ta isa, amsa ta biyo hanyar ta dawo.

"Wata huɗu da kwana goma. Ba ita ta yanka ba, Allah ya yanka."

"Wata huɗu! Ruwa ya sauko, siminti ya daskare cikin buhu, magini ya tahi!" Ya juya wajen Musa. "Kai ba ka cewa komi?"

Musa ya sosa ƙeya. "Ni na yi gini a Yamai, na yi a Doso. Ban taɓa zuba kankare a kan mai takaba ba, ba kuma a Filinge zan fara ba."

Wata daga cikin matan ta toshe baki da mayafi, amma dariya ta kuɓuce mata. Lawali ya ji. Idanunsa suka kaɗa, ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba.

"An kore ni Kumasi da tabarma! Yanzu cikin hilin ubana za a kore ni? Tahiru, tambaye su! Hilin ubana na ko ba nashi ba?"

Ban kai ga tambaya ba innarmu ta amsa, a hankali.

"Tahiru, gaya mai ba wanda ya kore shi. Kamu biyu anka roƙa. Ka kuma tambaye shi, abin da ya ci jiya da dare, daga Abijan ya zo da shi?"

Na faɗa masa. Ya kamata in tsaya nan, ɗan aike ba ya ƙari. Amma sai na ji bakina ya ci gaba.

"Yaya, ni na sare ta farko, ni na san ƙarar da ta yi. In ka shiga zanar nan da gatari, sai dai ka nemi wani mai haƙa, ka nemi wani ƙane."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Wani ɗan akuya ya ratsa tsakaninmu ya wuce. Daga cikin zana ba motsi, sai ƙarar tasbaha.

Can Lawali ya yi jifa da gatarin kan tarin yashi.

"Musa, yi abin da kaka so. Gidan ai ba nawa ba na, na unguwa na."

Ya fice. Wata guda bai yi mini magana ba, ko gaisuwata da kai yake amsawa.

Musa ya zagaya kewayen sau biyu yana auna ƙasa da ido. Bai matsa bangon duka ba. Ya buga sabon turke a nan, ya buga wani a can, ya ja igiya tsakaninsu ta wajen zanar, ya yanke wa ɗakin kusurwa. Ɗakin Lawali ya tashi da kusurwa biyar. An yi dariyar kuwa, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Ni na haƙa sabon ramin, da sakaina a gefena ko za a ci karo da wani abu. Tsohon ramin kuma, ta ƙarƙashin zana nake tura ƙasa da yashi, innarmu na karɓa tana rufe saiwar da hannu.

Na ɗauka da an zuba kankare Inna Laraba za ta koma ɗaki. Aka aika mata cewa magana ta ƙare. Ta ce a gaya wa mai aiken ta ji, amma ita ba ta san magini ba, ba ta san siminti ba, kwanakinta ta sani. Kullum in ta yi sallar asuba sai ta fito da tabarma ta shimfiɗa a wurin, sai magariba ta shiga. Bango ya tashi a bayanta, layi bisa layi, har ya wuce tsawon zanar.

Wata rana da azahar, zafi ya kai inda tsuntsu ma ba ya kuka, ina miƙa wa Musa bulo a kan bango, sai idona ya faɗa cikin kewayen. Barci ya ɗauke ta a zaune, ta jingina da sabon bangon Lawali, 'yar wuƙar takaba a cinyarta. Aduwar ta yi fure a makon nan, 'yan ƙanana, ruwan ɗorawa mai kore-kore, suna zubowa ko babu iska. Sun taru a kan mayafinta da kafaɗunta. Innarmu na zaune gefenta da ƙoƙo, tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada ta tashe ta.